Hanyar Zama Mashawarcin Harajin Kamfanoni a Jamus: Jagora ga Mai Farawa

Matasanmu da suka zo karatu Jamus, musamman waɗanda suka karanta akanta ko tattalin arziki ko shari'a, sukan tambaye ni yadda ake shiga sana'ar ba wa kamfanoni da 'yan kasuwa shawara kan haraji. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, kurakuran da nake gani ma haka. Wani ya ɓata shekara biyu a aikin da ba za a ƙirga masa ba ranar da zai nemi shiga jarrabawa. Wata ta haddace littattafai tuli, amma ba ta taɓa zama ta warware matsala ɗaya cikin awa shida ba. Wani kuwa tun bai sami izini ba ya fara cika wa 'yan'uwa baƙi takardun haraji yana karɓar na goro. Abin yana damuna ƙwarai, domin dukkansu masu himma ne, kuma ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Sun ɗauka sana'ar lissafi ce. Lissafi kuwa shi ne mafi sauƙin abin da ke cikinta, kwamfuta ma tana yi. Abin da ake biyan ka dominsa shi ne sanin doka, kiyaye wa'adi, da iya kare kowane adadi da takardar shaida.

A Jamus sunan mai wannan sana'a Steuerberater, kuma ba suna ba ne da mutum zai raɗa wa kansa. Dokar da ta tsara sana'ar tun 1961 ta kare shi, ta kuma taƙaita waɗanda ke da ikon taimaka wa wani kan haraji a matsayin aiki: mashawartan haraji, lauyoyi, masu binciken asusun kamfanoni, da wasu 'yan tsiraru da ikonsu bai da faɗi. Duk mai riƙe da sunan dole ya zama ɗan ɗaya daga cikin majalisun sana'ar guda 21 da ke faɗin ƙasar, waɗanda uwarsu take Berlin. Ba a buƙatar ka zama ɗan ƙasa. Ana buƙatar ka ci jarrabawar da aka sani tana cikin mafi wuya a ƙasar.

Kayan da za ka tanada

Na farko Jamusanci, kuma ba na kasuwa ko na gaisuwa da maƙwabta ba. Yaren doka ne, mai dogayen jimloli, inda kalma ɗaya a ƙarshen layi take juya ma'anar duka. Da shi ake rubuta jarrabawa, da shi ofishin haraji yake aiko da wasiƙa. Wanda ya yi digirinsa da Turanci a wata jami'ar Jamus ya san cewa wannan ce ƙofar farko da zai buɗe.

Na biyu littattafan dokokin kansu: dokar tsarin haraji da ake kira Abgabenordnung, dokokin harajin kuɗin shiga, harajin kamfanoni, harajin sana'a, harajin ciniki, harajin gado, da dokar kasuwanci. Ka sayi na takarda, ka saba da su da hannunka, domin su ne abokan shigarka ɗakin jarrabawa. Ana yarda ka ja layi ƙarƙashin rubutu ko ka manna alamar shafi, amma ba a yarda da bayanin da ka rubuta a gefe ba.

Na uku sanin manhajar aiki. Yawancin ofisoshi suna amfani da DATEV, ƙungiyar haɗin gwiwa ta mashawartan haraji da aka kafa a Nuremberg a 1966, tare da tsarin lambobin asusunta guda biyu da suka fi yaɗuwa, SKR 03 da SKR 04. Bayanai kuma ta ELSTER suke isa ofishin haraji. Sai na huɗu, wanda mutane ba sa so a ambata: kuɗin ajiya. Kuɗin neman shiga jarrabawa a ƙa'ida Yuro 200 ne, na jarrabawar kanta Yuro 1,000, sai in majalisar ta sa wani farashi daban, kwasa-kwasan shiri kuwa dubbai suke ci, ga watannin da za ka ajiye aiki.

Mataki na 1: Ka san ƙofar da za ka shiga ta

Ƙofofin biyu ne. Mai digirin jami'a a fannin tattalin arziki, kasuwanci ko shari'a, idan tsawon karatun a ƙa'ida ya kai shekara 4, zai yi aiki na shekara 2 kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Idan karatun bai kai shekara 4 ba, aikin shekara 3 ne. Wanda bai je jami'a ba zai iya koyon sana'a ta shekara 3 a ofishin haraji mai zaman kansa, yana aiki yana zuwa makaranta, sannan ya yi shekara 8 yana aiki. Idan ya ƙara da jarrabawar Steuerfachwirt ko ta ƙwararren akanta, shekarun sun ragu zuwa 6. Kada kowa ya raina wannan hanya ta biyu. Na ga waɗanda suka biyo ta sun fi masu digiri sanin ciki da wajen asusu.

Idan a Kano ko Zariya ko Yamai ka yi digirinka, kada ka yi zato. Majalisar sana'ar tana ba da amsa a rubuce, wadda take ɗaure ta, kan ko karatunka da aikinka sun cika sharaɗi. Ka nemi wannan takarda tun da wuri, ka biya kuɗinta. Ya fi maka sauƙi ka ji a'a yau da ka ji ta bayan shekara uku.

Mataki na 2: Ka zaɓi aikin da za a ƙirga maka

Nan ne aka fi yin asarar shekaru. Aikin da ake ƙirgawa shi ne wanda ya shafi harajin da hukumomin tarayya ko na jihohi suke gudanarwa, aƙalla awa 16 a mako, kuma bayan ka kammala karatu. Mutum yakan sami aiki a sashen kuɗi na babban kamfani, albashi mai kyau, amma abin da yake yi kullum shi ne tsara kasafi ko bin bashi. Ranar da ya nemi takardar shaida daga ubangidansa sai ta fito babu haraji a ciki.

Shawarata ga mai farawa ita ce matsakaicin ofishi, inda yau za a ba ka asusun mai gidan burodi, gobe na kamfanin sufuri, jibi na likita. Manyan kamfanonin duniya suna da suna, suna kuma taimakawa da kuɗin kwas, amma sukan ajiye sabon ma'aikaci a lungu ɗaya, ya shekara bai ga harajin gado ba. Jarrabawa kuwa ba ta san lungu ba. Duk inda ka je, ka karɓi takardar shaidar aiki mai bayanin abin da ka yi dalla-dalla kafin ka bar wurin.

Mataki na 3: Ka ƙware a asusu kafin ka fara ba da shawara

Akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗan koyo a makon farko: ba a shigar da ko sisi cikin littafi sai da takardar shaida. Dalilinta ba son takarda ba ne. Idan mai binciken gwamnati ya zo ya tarar da littattafan ɗan kasuwa ba su da tsari, doka ta ba shi ikon ya ƙiyasta ribar da kansa, ƙiyasin kuma ba ya zuwa da rahusa. Masu ciniki da tsabar kuɗi, irin gidajen abinci da shagunan kayan Afirka da wuraren aski, su ne suka fi shiga wannan hali. Tun 2018 jami'i yana iya shigowa shago ba sanarwa ya ce a ƙirga kuɗin da ke cikin akwati. Tun 2020 mai na'urar karɓar kuɗi dole ya ba kowane mai saye rasit. Littattafai ana ajiye su shekara 10, takardun shaidar ciniki kuma shekara 8 tun daga 2025.

Ka kuma gane cewa kamfani yana da ma'aunin dukiya iri biyu, ɗaya bisa dokar kasuwanci, ɗaya bisa dokar haraji. Na biyun daga na farkon yake tasowa, amma suna rabuwa a wurare da yawa, misali wajen ware kuɗi domin asarar da ake hange. Sanin inda suka rabu shi ne rabin takarda ta uku a jarrabawa.

Mataki na 4: Ka iya kallon haraji uku a lokaci ɗaya

Kuskuren sabon shiga shi ne ya amsa tambaya ta fuskar haraji ɗaya. Ɗauki kamfanin GmbH, wanda ake kafawa da jarin Yuro 25,000, ya ci ribar Yuro 100,000. Harajin kamfanoni kashi 15 cikin 100 ne, wato 15,000. A kansa akwai ƙarin kashi 5.5 na harajin, wato 825. Sai harajin sana'a, wanda ƙaramar hukuma take ci: a ɗauki kashi 3.5 na ribar, wato 3,500, a ninka da ma'aunin garin. A Munich ma'aunin 490 ne cikin 100, ya ba da 17,150. A Berlin 410 ne, ya ba da 14,350. Jimilla ke nan 32,975 a Munich, 30,175 a Berlin, riba ɗaya, gari daban. Kuma maganar ba ta ƙare ba, domin ranar da mai kamfanin ya ciro ribar ya sa aljihunsa, akwai wani kashi 25 da ƙarinsa.

Mai sana'a shi kaɗai kuwa, wanda bai kafa kamfani ba, ana yafe masa harajin sana'a a kan 24,500 na farko, kuma ana rage masa yawancin sauran daga harajin kuɗin shigarsa. Saboda haka idan mutum ya zo yana cewa abokinsa ya ce ya buɗe GmbH, amsarka ta dogara ne kan yawan ribar, ko zai bar ta cikin kamfanin ko zai ci da ita, garin da yake, da irin hatsarin sana'ar. Ka sa a lissafinka cewa dokar da aka zartar a 2025 za ta riƙa rage harajin kamfanoni da maki ɗaya kowace shekara daga 2028 har ya sauka zuwa kashi 10 a 2032.

Abu ɗaya da nake roƙon ka koya da kyau shi ne abin da ake kira ɓoyayyen rabon riba. Mai ƙaramin kamfani yakan ga shi da kamfanin abu ɗaya ne. Ya ba ƙaninsa albashin da ya fi ƙarfin aikinsa, ya ranci kuɗin kamfani babu yarjejeniya, ya sa motar kamfani a hidimar gida. A wajenmu taimakon dangi abin yabo ne, ni ma haka nake gani. Amma doka tana tambaya ne ko shugaban kamfani mai hankali zai yi wa baƙo irin wannan. Idan ba zai yi ba, sai a mayar da kuɗin cikin riba a caji kamfanin, a kuma caji mai shi. Aikinka ka nuna masa yadda zai taimaki ɗan'uwansa da yarjejeniya rubutacciya, wadda aka yi tun kafin a fara, aka kuma bi ta.

Harajin ciniki, wanda a Najeriya ake kira VAT, kashi 19 ne, wasu kayayyaki kamar abinci da littattafai kashi 7. Shi ya fi kowane saurin jefa mutum cikin bashi, domin kuɗin gwamnati ne da ke kwana a hannun ɗan kasuwa. Wanda zai yi hulɗa da masu tura motoci ta Hamburg zuwa Kwatano ko Legas ya riƙe abu biyu. Kayan da aka fitar waje da Tarayyar Turai ba a biya musu wannan haraji, amma sai da shaidar fita daga kwastan. Idan babu ita, a aljihun mai sayarwa za a ciro kashi 19 ɗin. Sannan dillalin da ya sayi tsohuwar mota daga hannun mutum a kan 5,000 ya sayar a cikin gida a kan 6,190 zai iya biyan haraji a kan bambancin kawai, wato 190 daga cikin 1,190, muddin rasit ɗinsa ya bi ƙa'idar wannan tsari. Ga masu harka da gida kuma, Jamus tana da yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu da Gana, ba ta da irinta da Najeriya, kuma wannan yana canza lissafi.

Mataki na 5: Ka mayar da wa'adi addinin ofis

Bayanin harajin ciniki na wata ko na wata uku yana shiga ne kafin ranar 10 ta wuce, sai dai in an nemi ƙarin wata ɗaya na dindindin. Bayanin shekara na wanda ba shi da mashawarci 31 ga Yuli ne. Na wanda ke da mashawarci kuwa ƙarshen Fabrairun da ke biye da wannan Yulin ne. Jinkirin biya yana jawo kashi 1 cikin 100 kowane wata.

Wanda ya fi kowane hatsari shi ne wa'adin ƙorafi. Idan ofishin haraji ya aiko da takardar hukunci, wata ɗaya tak kake da shi. Doka tana ɗauka takardar ta iso ranar huɗu bayan an sa ta a gidan waya. Kafin 2025 ranar uku ce, kuma har yanzu akwai masu ƙirgawa da tsohon lissafi. Idan watan ya wuce, hukuncin ya zauna ko da kuskure ne, sai ta ƙananan ƙofofi da ba kullum suke buɗewa ba. Don haka duk takardar da ta shigo, a ranar ake rubuta wa'adinta a littafin wa'adi, a gwada ta layi bayan layi da abin da aka tura. Kuma shigar da ƙorafi ba ya dakatar da biya. Sai ka nemi dakatarwar daban. Na ga an manta da wannan, aka ƙwace asusun bankin mutumin da gaskiya take gefensa. Idan ofishin ya ƙi ƙorafin, akwai kotun haraji, a samanta kuma Bundesfinanzhof da ke Munich, kuma mashawarcin haraji yana da ikon tsayawa a gabansu.

Mataki na 6: Jarrabawa

Ana neman shiga kafin 30 ga Afrilu ya wuce. Ana rubutawa a watan Oktoba, kwana uku a jere, kowace rana awa shida. Ranar farko tsarin haraji da harajin ciniki da na gado, ta biyu harajin kuɗin shiga da na riba, ta uku asusu da ma'aunin dukiya. Maki daga 1 ne zuwa 6, ƙarami ya fi kyau. Sai matsakaicinka bai wuce 4.5 ba za a kira ka ta baki, a farkon sabuwar shekara, gaban mutum shida. Za a miƙo maka batutuwa uku, ka zaɓi ɗaya, ka shirya cikin minti 30, ka yi ɗan gajeren jawabi, sannan a shiga tambayoyi. Idan aka haɗa duka, kada ya wuce 4.15. Kusan rabin masu zama ba sa tsallakewa, kuma sau uku kawai ake ba mutum dama.

Abin da ke kayar da mutane shi ne karatu ba tare da rubutu ba. Takardar jarrabawa labari ce mai tsawo na wani kamfani, da tarkuna a ciki. Ana ba da maki ne a kowane taki: ka gano matsalar, ka kawo sashen dokar har da ƙaramin sakin layinsa, ka ɗora shi a kan labarin, ka fitar da adadi. Wanda ya rubuta amsar ƙarshe kawai, ko daidai ce, ya bar yawancin makin a ƙasa. Wanda ya yi kuskure a farko amma ya ci gaba da bin hanya daidai yana tsintar makin da ke gaba. Wannan ba a koyon sa da ido. Ka rubuta tsofaffin jarrabawa masu yawa, da agogo a gabanka, awa shida cur, ka ba wani ya duba. Kada ka tsaya kan matsala ɗaya kana neman kamala. Kusan babu mai gama takardar cikin natsuwa, an tsara ta ne haka.

Akwai damar janyewa kafin lokacin takarda ta uku ya ƙare, kuma ba za a ƙirga wannan cikin damarka uku ba. Tana da amfani ga wanda rashin lafiya ta kama. Amma kowa yana fitowa rana ta biyu yana jin ya faɗi, har da waɗanda suka ci. Kada tsoron dare ɗaya ya sa ka zubar da shirin shekara guda.

Mataki na 7: Naɗi

Cin jarrabawa bai ba ka sunan ba tukuna. Sai majalisar sana'ar ta naɗa ka, bayan ta duba halinka da yanayin kuɗinka, ta kuma ga inshorar da za ta biya idan kuskurenka ya jawo wa wani asara, aƙalla Yuro 250,000 a kowace matsala. Shi ya sa na ambaci mai cika wa mutane takardu a ɓoye: ban da tarar da ke kansa, yana ɓata sunan da za a duba ranar naɗi. Taimakon dangi na kusa kyauta doka ta yarda da shi. Kuɗin aikinka ma akwai dokar da ta shata masa iyaka ta ƙasa da ta sama. Daga nan kana iya ƙwarewa a harajin ƙasa da ƙasa ko na kwastan, dukansu suna da laƙabin da majalisar take bayarwa.

Mataki na 8: Ka san inda za ka ce a'a

Doka ta ɗora maka riƙon sirri, tona shi laifi ne da ake hukuntawa. A cikin ƙaramar al'umma irin tamu, inda kowa ya san kowa, wannan yana nufin ko matarka ko mijinki ba za su ji cewa wane yana zuwa ofishinka ba. Sannan dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta wajabta maka tantance wanda kake wa aiki, ko da tare kuke sallar Juma'a.

Wata rana wani zai ce maka, yallaɓai, wannan cinikin kada a sa shi a littafi. Neman hanyar da doka ta yarda a biya kaɗan shi ne aikinka, ka yi shi iyakar ƙarfinka. Ɓoye ciniki kuwa laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 5, a manyan laifuka shekara 10, kuma wanda ya taimaka yana cikin tuhuma, yana kuma iya biyan harajin daga aljihunsa. Wa'adin da ofishin haraji yake da shi na komawa baya shekara 4 ne a al'ada, amma idan an ɓoye da gangan ya zama 10. Idan mutum ya gano kuskure a bayanin da ya riga ya tura, wajibi ne ya gyara ba tare da jinkiri ba. Idan da gangan ne, akwai hanyar tona wa kai asiri wadda take iya kuɓutar da shi daga hukunci, amma sai ta zama cikakkiya, ta zo kafin a sanar da bincike, an kuma biya kuɗin. Rabin tona asiri ba ya kuɓutar da kowa, don haka sabon mashawarci kada ya yi wannan shi kaɗai. Ya nemi lauyan da ya ƙware a laifukan haraji. Idan kuwa mutumin ya ƙi gyarawa, ka rubuta masa shawararka, ka ajiye kwafi, ka sauka daga aikinsa ka mayar masa da takardunsa.